Tsohon Hukuncin da Ka Dogara da Shi, Yana Nan da Ƙarfinsa Kuwa?

Duk wanda ya taɓa zama a kotu yana sauraron lauyoyi zai lura ba su cika tsayawa a kan ra'ayin kansu ba. Da gardama ta yi zafi sai ka ji ɗaya ya miƙe ya ce, "Ya mai shari'a, Kotun Ƙoli ta riga ta warware wannan batu," ya kawo sunan shari'a, da shekara, da shafi. A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, irin su Amurka da Kanada da Indiya da Najeriya, hukuncin babbar kotu yana ɗaure kotunan da ke ƙarƙashinta, ko alƙalin yana so ko ba ya so. Shi ya sa rabin aikin binciken shari'a neman tsohon hukunci ne da ya dace da matsalar da ke gabanka. Ɗaya rabin kuwa, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne tabbatar da cewa hukuncin da ka samo bai mutu ba.

Tushen wahalar shi ne rubutun hukunci ba ya canzawa. Abin da aka buga a 1984 haka zai zauna a littafi, da sunayen alƙalai da ƙarfin lafazinsu, ko da an yi watsi da shi tun tuni. Labarin mutuwarsa a wata takarda dabam ake rubuta shi, a wata shekara, wani lokaci ma a wata kotu. Wanda ya yi karatun fiƙihu ya san batun nasikhi da mansukhi: sanin nassi kaɗai bai isa ba, sai ka san ko wani ya zo daga baya ya ɗauke hukuncinsa. Mai binciken shari'a ma wannan tambayar ce ke gabansa kullum.

Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce ɗaukaka ƙara. Wanda aka kayar ya garzaya kotun sama, ita kuma ta rushe hukuncin, ko ta tabbatar da wani sashe ta rushe wani, ko ta mayar da shari'ar ƙasa a sake ta. Mutanen ɗaya ne, rigimar ɗaya ce, don haka bin sawun ba shi da wuya. Sai dai a tuna hukuncin da ke jiran sakamakon ɗaukaka ƙara yana aiki, amma ƙafarsa ɗaya a waje take.

Wadda ta fi haɗari ita ce idan kotu ta zo a wata shari'a dabam, tsakanin wasu mutane da ba su san juna ba, ta ce ƙa'idar da aka kafa a baya kuskure ce. A 1966 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotun ƙolin ƙasar kafin 2009, suka sanar cewa daga yanzu za su iya kauce wa hukuncin da su da kansu suka yanke idan sun ga ya dace. Kuma sun yi amfani da damar. A 1985, a shari'ar Anderton da Ryan, sun wanke wata mata da ta sayi na'urar bidiyo tana zaton ta sata ce, alhali ba a iya tabbatar da hakan ba. Suka ce babu laifin yunƙurin aikata laifi a nan. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a shari'ar Shivpuri, wani mutum da ya yi zaton miyagun ƙwayoyi yake ɗauke da su, aka auna aka ga ba su ba ne, ya kafa hujja da wancan hukunci. Kotun ta ce ta yi kuskure a 1985, ta tabbatar masa da laifi. Lauyan da ya yi bincikensa a farkon 1986 bai sake dubawa ba, da mushe zai shiga kotu. A Amurka kuma kowa ya ji labarin Roe da Wade na 1973 a kan zubar da ciki, wanda ya yi kusan shekara hamsin kafin shari'ar Dobbs ta kawar da shi a 2022. Tsufan hukunci da yawan ambatonsa ba garkuwa ba ne.

Ko a inda aka yi watsin, sai an duba iyakarsa. Ana yawan cewa shari'ar Brown ta 1954 ta soke Plessy da Ferguson ta 1896, wadda ta halatta raba baƙaƙe da fararen fata a wuraren jama'a. Amma Plessy a kan taragon jirgin ƙasa aka yi ta a jihar Louisiana, ita kuwa Brown a kan makarantun gwamnati ta yi magana. Sai a 1956, a rigimar motocin safa na birnin Montgomery, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wariya a sufuri ma ta saɓa wa tsarin mulki. A tsakanin shekarun biyun nan, amsar tambayar "Plessy na raye?" ta danganta ne da fagen da kake magana a kai.

Akwai kuma mutuwar da ba daga kotu take zuwa ba. Majalisa na iya jin hukunci bai yi mata ba, ta gyara dokar da aka gina shi a kai. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka ta kori ƙarar Lilly Ledbetter, wadda ta gano bayan shekaru da yawa cewa ana biyanta ƙasa da takwarorinta maza a kamfanin taya na Goodyear. Kotun ta ce wa'adin kwana 180 na shigar da koke ya fara ƙirguwa tun lokacin da aka yanke albashin, don haka ta makara. A Janairun 2009 aka sa hannu a kan dokar da ke ɗauke da sunanta, wadda ta ce kowane albashi na wariya da aka biya yana sabunta wa'adin. Babu alƙalin da ya soke hukuncin 2007, amma a kan wannan batu ya zama tarihi. A Birtaniya, kamfanin mai na Burmah ya yi nasara a kotu a kan diyyar kayansa da sojojin ƙasar suka lalata a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai majalisa ta yi doka a 1965 da ta koma baya ta shafe wannan haƙƙi. A Najeriya ma, bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Lakanmi a 1970, gwamnatin soja ta fito da Dokar Soja mai lamba 28 ta wannan shekarar, ta rufe maganar. Wanda ya tsaya a kan littattafan hukunci kawai, bai leƙa dokokin majalisa ba, ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Inda abin ya fi ɗaure kai, kuma inda na ga ya kamata a ɓata lokaci sosai, shi ne hukuncin da babu wanda ya ambaci sunansa da mugun nufi, amma an sare abin da yake tsaye a kai. Shari'ar Chevron ta 1984 ta kafa ƙa'idar cewa idan lafazin doka ya zo da shubuha, kotunan Amurka su bi fassarar hukumar gwamnati da ke aiwatar da dokar matuƙar fassarar mai ma'ana ce. Dubban hukunce-hukuncen ƙananan kotuna aka gina a kan wannan. Ranar 28 ga Yunin 2024, a shari'ar Loper Bright, Kotun Ƙoli ta yi watsi da Chevron. To ina makomar waɗancan dubbai? Kotun ta ce ba ta rushe su ba: inda aka riga aka yanke cewa wani takamaiman mataki na hukuma halal ne, hukuncin na nan. Ga ka nan da hukuncin 2005, alal misali, wanda sakamakonsa yana aiki, amma hanyar tunanin da ta kai ga sakamakon an rufe ta. Idan sakamakon kake buƙata, kana da abin riƙewa. Idan hanyar tunanin kake son ara don wata sabuwar matsala, hannunka wayam. Babu wata alama a kwamfuta da za ta yi maka wannan rarrabewa. Sai ka zauna ka karanta, ka tambayi kanka a kan me wannan alƙali ya dogara.

Wani lokaci ma kotu ba ta soke hukunci kai tsaye, sai ta yi ta rage masa faɗi. Yau ta ce bai shafi irin wannan yanayi ba, gobe ta ce wancan ma ya bambanta, har a wayi gari ba abin da ya rage sai sunansa. Ma'aunin da shari'ar Lemon ta kafa a 1971 a kan alaƙar gwamnati da addini haka ya yi ta ramewa, har a 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ai tuni ta rabu da shi. Amma a nan akwai tarko ta ɗaya ɓangaren. Ƙaramar kotu ba ta da ikon yanke wa hukuncin babbar kotu mutuwa don kawai ta ga ya yi rauni. A 1989, a shari'ar Rodriguez de Quijas, Kotun Ƙolin ta faɗa ƙarara cewa idan hukuncinta ya dace da shari'a kai tsaye, a bi shi, ko da dalilansa sun yi karo da wasu hukunce-hukuncenta na baya-bayan nan. Soke shi aikinta ne ita kaɗai. Saboda haka mai rauni dabam, matacce dabam, kuma shawarar da za ka ba wanda kake wakilta ta rataya ne a kan wannan bambanci. Za ka iya cin nasara a ƙaramar kotu da hukunci mai rauni, a kayar da kai a sama. Ya kamata ya ji wannan daga bakinka kafin ya kashe kuɗinsa.

Sai batun wuri. Shari'ar Anns ta 1977, a kan alhakin ƙaramar hukuma da ta yi sakaci wajen duba harsashin gini, an yi watsi da ita a Ingila a 1990 ta shari'ar Murphy. Amma kotunan Kanada sun riga sun rungumi ma'auninta, suka ci gaba da aiki da shi bayan sun yi masa gyare-gyare. Hukunci ɗaya, matacce a ƙasar haihuwarsa, yana da zuriya a ƙetare. A ƙasashen da ke bin tsarin Faransa kuwa, tsohon hukunci ba ya ɗaure alƙali a hukumance, amma lauyan da bai san babbar kotu ta sauya matsayi ba, shi ma zai ji a jikinsa.

Wannan wahala ce ta haifar da sana'a guda. A 1873 wani mai tallan littattafan shari'a a Shikago, Frank Shepard, ya fara buga ƙananan takardu masu gam a bayansu, ɗauke da jerin shari'o'in da suka ambaci wani hukunci daga baya. Lauya ya yanke su ya manna a gefen shafin littafinsa. Daga baya abin ya zama manyan kundaye cike da lambobi da haruffa, kowane harafi da ma'anarsa: an bi, an bambanta, an soki, an soke. Lauyoyin Amurka sun shafe fiye da ƙarni suna bin waɗannan ginshiƙan lambobi da yatsa, daga babban kundi zuwa ƙaramin ƙari na wata-wata. Yanzu wannan aiki, mai suna Shepard's, yana cikin LexisNexis, rumbun binciken shari'a na kwamfuta da ake biyan kuɗi, ita kuma takwararta Westlaw ta fito da nata mai suna KeyCite a 1997. A KeyCite jar tuta na nufin hukuncin ya daina aiki aƙalla a kan batu ɗaya, rawaya kuma na nufin an taɓa shi amma ba a kayar da shi ba. A Shepard's jar alama mai kusurwa takwas ce ke gargaɗi. Ga wanda ba shi da kuɗin waɗannan, akwai rumbunan kyauta irin su BAILII a Birtaniya, CanLII a Kanada, AustLII a Ostireliya, da Google Scholar, waɗanda aƙalla za su nuna maka wa ya ambaci hukuncin bayan fitowarsa, ko da aikin tantancewar ya koma kanka.

Waɗannan kayan aiki ni'ima ne, ba na musu. Damuwata ita ce yadda launi ke sa mutum kasala. Mu ɗauki misali mu bi shi a hankali. A ce ka samu hukuncin kotun ɗaukaka ƙara na shekara ashirin da suka wuce, a kan ɗan kwangilar da aka hana haƙƙinsa. Kotun ta yanke abu uku: cewa tana da hurumin sauraron ƙarar, cewa wa'adin shigar da ƙara yana farawa ne daga ranar da aka ƙi biya, da cewa ana iya ƙara masa diyyar ɓacin rai. Kai batu na biyu kake nema. Ka buɗe, sai ga jar tuta a gefen sunan shari'ar. Mai gaggawa zai rufe shafin ya tafi neman wani. Mai haƙuri zai latsa tutar, ya ga wace kotu ce ta taɓa hukuncin, ya buɗe nata hukuncin, ya nemi sakin layin da aka ambaci shari'ar. Sai ya tarar diyyar ɓacin rai kawai Kotun Ƙoli ta ƙi. Ba ta ce uffan a kan wa'adi ba, ko ma ta ambace shi da yabo. Hujjarsa na nan, da ma ta ƙara ƙarfi. Yanzu juya misalin. Babu tuta ko ɗaya, komai fes. Amma shekara biyar da suka wuce majalisa ta gyara dokar wa'adi, kuma babu kotun da ta samu dalilin sake ambaton tsohon hukuncin tun daga lokacin. Shirun da ka ɗauka alamar lafiya ce, ashe shirun abin da aka manta da shi ne.

Ba zato nake yi ba. A 2018 Paul Hellyer, ma'aikacin ɗakin karatu a tsangayar shari'a ta William & Mary a Amurka, ya wallafa binciken da ya gwada manyan kayan aiki uku irin waɗannan. Ya tarar Shepard's da KeyCite kowanne ya tsallake ko ya yi kuskuren lakaba wa kusan kashi ɗaya cikin uku na wuraren da wata kotu ta yi wa hukunci mummunan ambato, na ukun kuma, BCite na kamfanin Bloomberg, ya fi su kuskure. Ba abin mamaki ba ne. Mutane ne da na'ura ke karanta dubban shafuka suna zaɓar lakabi, alƙalai kuma ba kullum suke cewa "mun soke" ba. Wani zai ce ba ya ganin tsohon hukuncin zai iya tsayawa bayan abin da ya biyo baya, wani zai kauce masa cikin ladabi ba tare da ya kira sunansa ba. Gani ya kori ji: abin da alƙalin baya ya rubuta da hannunsa shi ne hujja, tutar ɗan aike ce kawai da ta ce ka zo ka duba.

In ka buɗe hukuncin da ya yi sukar, abu na farko da za ka duba shi ne matsayin kotun. Kotun wata jiha ko wata ƙasa da ta ƙi bin hukuncinka ba ta kashe shi ba, ta dai nuna maka inda abokin hamayyarka zai kawo hari. Ƙaramar kotu ma ba ta iya kashe na babba. Sannan ka duba ko sukar daga alƙalan da suka yi rinjaye ta fito, ko daga wanda ya saɓa musu. Wannan dubawar ta shafi hukuncinka kai ma: sau da yawa jimlar nan mai daɗi da ka ja wa layi, in ka koma baya shafi biyu, za ka ga ta alƙalin da aka rinjaya ce, ko kuma magana ce da aka yi a gefe wadda sakamakon shari'ar bai dogara da ita ba.

Idan binciken ya tono abin da ba ka so, ɓoye shi ba mafita ba ne. Ƙa'idojin sana'ar lauya na ƙungiyar lauyoyin Amurka, a sashe na 3.3, sun wajabta wa lauya ya bayyana wa kotu hukuncin da ke ɗaure ta wanda ya san ya saɓa wa matsayinsa kai tsaye, idan ɗaya ɓangaren bai kawo shi ba. Ko ba don ƙa'ida ba, hikima ma ta nuna haka. Gara kai ka ce, "Ya mai shari'a, an taɓa wannan hukunci a kan diyya, amma maganar wa'adi na nan daram, ga shafin," da a ce abokin karawarka ne zai miƙe ya faɗa. Alƙalin da ya kama ka da mataccen hukunci sau ɗaya, sauran hujjojinka ma da ido ɗaya zai dube su, kuma wanda ya ba ka amanar shari'arsa shi zai kwana a ciki.

Zamani ya ƙara wata tambaya a gaban duk waɗannan: hukuncin ma akwai shi? A 2023, a shari'ar Mata da kamfanin jiragen sama na Avianca a wata kotun tarayya da ke New York, lauyoyi sun gabatar da takardar da ke ɗauke da shari'o'i shida waɗanda manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT ta ƙirƙiro, da sunaye da lambobin shafi har da maganganun alƙalai. Aka nema aka rasa. Alƙalin ya ci su tarar dala 5,000. Da sun saka ko da suna ɗaya a cikin rumbun hukunce-hukunce don su ga wa ya ambace shi, da tun a nan asiri ya tonu.

Kuma dubawa ɗaya ba ta wadatarwa, domin tsakanin ranar da ka rubuta takardarka da ranar da za ka tsaya gaban alƙali ana iya yin watanni. Kotun Ƙolin Amurka ta saba sakin manyan hukunce-hukuncenta a ƙarshen watan Yuni: Dobbs ranar 24 ga wata ya fito, Loper Bright ranar 28. Lauyan da ya miƙa takarda a watan Mayun 2024 yana kafa hujja da Chevron ya yi daidai a ranar da ya sa hannu. In an sa sauraron shari'arsa a Yuli, dole ne ya sake bin hukunce-hukuncensa ɗaya bayan ɗaya kafin ya shiga kotu, ya rubuta wa kotun ƙarin bayani a kan abin da ya sauya, ya kuma kira wanda yake wakilta ya gaya masa cewa lissafin da suka yi a watan Mayu ya tashi.